Zaman Tsofaffi a Ƙauyukan Ailan

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in ba 'yan'uwa labarin abin da na gani a lardin Mayo, yammacin ƙasar Ailan.

Ƙasa ce ta ruwan sama da tumaki, gidaje nesa da juna. Na sauka gidan wata tsohuwa da ɗanta guda. Sauran 'ya'yanta suna Ingila da Amurka, sai ta waya take jin labarin aure da haihuwa, ita kuwa ta gaya musu wanda ya rasu da yadda kasuwar shanu ta ci.

Watsewar nan ta daɗe. Bayan yunwar da ta soma a 1845, wadda ta kashe mutum wajen miliyan ɗaya, sannu a hankali suka bar raba gona. Ɗa ɗaya ke gado, saura su shiga jirgi. A da, in uba zai miƙa gona, akan rubuta sharaɗi: a bar masa ɗaki, da madara, da baƙar ƙasar fadama da suke shanyawa su hura wuta da ita. A 1909 aka fara ba talaka mai shekara 70 har sule biyar kowane mako. Yanzu fensho daga shekara 66 ne.

Amma fa kuɗi ba ya taya tsoho hira. In ɗan nan ya tashi, ba abin da ya rage wa uwarsa sai kaɗaici, ko gidan kula da tsofaffi. Masu barin gida neman abinci, ku duba wa kuka bari da iyaye.

Wasalam,
Wani Matafiyi