Kwafi Biyu, Littafi Ɗaya: Wanne Ne Nawa?

Duk wanda ya daɗe a harkar littattafan nan namu ya san littafi ba ya zama da kwafi ɗaya. Akwai na hannu, akwai wanda mai kwamfuta ya buga, akwai wanda aka gyara, sannan ga wanda wata baiwar Allah ta sake bugawa da waya ta watsa a WhatsApp. To in an ce fito da na ainihi, wanne za ka miƙa?

Ni dai tambayar nan ta cafke ni lokacin da na tashi sake fito da wani tsohon littafina mai kashi uku. Kwafi ɗaya a wani shagon kwamfuta na Kawo aka buga mini shi tun zamanin faifai, ɗayan kuma an sake buga shi a Unguwar Rimi bayan shekaru. Wani ɗan ƙanena da ya karanci kwamfuta ya ce abu mai sauƙi ne, akwai manhajar da ke gwama rubutu biyu ta fito da bambancinsu. Ya nuna mini Git, wadda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005. Layi-layi take bi, duk layin da ya sauya ko da harafi ɗaya ne sai ta nuna an cire shi an sa wani. Fayil ɗin Word kuwa dunƙule take ganinsa, don haka sai da ya mayar da su zallar rubutu.

Da aka gwama, kusan ko'ina ja ne da kore. Dalili kuwa shi ne haruffanmu masu lanƙwasa. A da, masu buga Hausa na amfani da zanen haruffa na musamman, irin su Rabi'at da Abdalla na Farfesa Abdalla Uba Adamu, waɗanda suka yi mana rana sosai. Sai dai a irin wannan tsari ido ne kawai ke ganin ƙ, a cikin kwamfutar wata alama ce daban. Shi ya sa tsofaffin rubuce-rubuce ke fitowa da }asa da ]aki, wasu kuma qasa da xaki. Sabon kwafin kuwa da Unicode aka yi shi, inda ƙ ke da lambarta ta kanta.

Sai da ya daidaita haruffan duka suka koma tsari ɗaya, sannan ƙura ta lafa, gyaran gaskiya ya fito fili. A nan na ga inda na rubuta "baƙin mijinta sun iso" mai bugawa ya mayar da shi "bakin", da wata doguwar magana ta uwar jarumar da ta yi ɓatan dabo gaba ɗaya. A kan wannan maganar ce kuwa na ɗora ƙarshen labarin.

Don haka shawarata gare mu ita ce, mu tsaya kan tsarin haruffa ɗaya, mu sa kwanan wata a sunan kowane kwafi, kada kuma mu goge tsoho don sabo ya zo. Ranar da aka ce maganar nan ba taka ba ce, ko aka jingina maka wadda ba ka faɗa ba, tsohon kwafin ne shaidarka.

Allah ya ƙara mana basira, ya kare mana guminmu, amin.