Wa Ya Gaji Alƙalamin Marigayi?

'Yar'uwa, bari in ba ki labari. Ranar da na tare a gidan maigidana, shekara guda bayan rasuwar uwargidansa, na tarar da yara uku da kwali cike da littattafan James Bond, ɗan leƙen asirin nan na Ingila. Na marigayiyar ne. Babbar 'yarta ko kallo ban ishe ta ba, kullum tana ɗaki da kwalin nan. Don in samu shiga, sai na sayo mata wani da babu shi a ciki. Ta duba bangon, ta ajiye, ta ce, "Anti, wannan ai ba na asali ba ne."

Wallahi maganar ta soke ni, don na san ba littafin kaɗai take nufi ba.

Ashe Ian Fleming, mai labarin na asali, ya rasu tun 1964, ya bar dogayen labarai 12 da kundin gajeru guda 2. Sauran duk magada ne suka rubuta. Wanda na sayo na John Gardner ne, wanda ya riƙe alƙalamin daga 1981 zuwa 1996, ya jawo Bond zuwa zamaninsa.

Sai na zauna na bi magadan ɗaya bayan ɗaya. In ɗanɗanon Fleming kike nema, ki fara da Colonel Sun na 1968, wanda Kingsley Amis ya rubuta da sunan Robert Markham. Ko ki ɗauki Trigger Mortis na 2015, inda Anthony Horowitz ya yi amfani da wasu rubuce-rubucen da Fleming ya bari ba a buga ba.

Ni dai Solo na zaɓa mata, na William Boyd, 2013. A Akara aka haife shi, ya taso a Gana da Nijeriya. Ya kai Bond wata ƙagaggiyar ƙasa a Afirka ta Yamma a 1969, ana yaƙin basasa mai kama da namu. Bai kwaikwayi muryar marigayi ba, bai kuma rushe masa gida ba.

Kwana uku ta gama shi. Ta zo bakin kicin ta ce, "Bai yi kama da Fleming ba, amma ba laifi."

Daga ranar na daina tambayar yaran yadda Mamansu take kaɗa miyar kuka. Na yi irin tawa. Ta ci, har ta miƙo kwano na ƙara mata.