Maigadin da ke zuwa aiki ranar Litinin kaɗai

Akwai wata ɗaliba da har yau nake jin nauyin haɗa ido da ita idan muka yi kiciɓis a farfajiyar tsangayarmu. Ta riga ta yafe mini, da bakinta ta faɗa, amma abin da ya shiga tsakaninmu bai bar zuciyata ba. Tushensa kuwa haruffa uku ne na Turanci da na rubuta da hannuna cikin wata manhaja, wata Litinin da la'asar sakaliya.

Bayan rufe makarantun da annobar korona ta jawo a shekarar 2020, sashenmu ya yanke shawarar mayar da gwaje-gwajen tsakiyar zango kan kwamfuta. Muka ɗora Moodle, manhajar koyarwa ta kyauta wadda Martin Dougiamas ɗan ƙasar Ostareliya ya fitar a 2002, a kan wata babbar kwamfuta irin wadda masu sana'ar ke kira saba, wasu kuma uwar garke. Duk amsar da ɗalibi ya danna tana zarcewa ne zuwa rumbun bayanai mai suna PostgreSQL. Da yake ni na fi kowa zaƙewa a taron da aka yanke shawarar, sai aka ɗora mini kula da na'urar, kamar yadda aka saba saka wa mai yawan ba da shawara a jami'a.

Ga mai karatun da ba fagensa ba ne, kowace manhaja da ke aiki a kan uwar garke tana da rajista, wato fayil ɗin da take rubuta abin da ya same ta layi bayan layi, tare da sa'a da minti: wane ya shigo, abu kaza ya ƙi, wuri kaza ya cika. Babu mahalukin da zai iya zama yana karanta wannan rajista dare da rana, don haka ake ɗaukar mata maigadi, wato manhajar sa ido. Ni Zabbix na zaɓa, wadda Alexei Vladishev na ƙasar Latbiya ya fara fitarwa a 2001. Akan girka wani ɗan wakilinta a kan uwar garken, a ba shi sunan fayil ɗin da zai riƙa leƙawa da kalmomin da zai nema a ciki. Da zarar ya gan su, sai ya kai rahoto, a aiko wa mai kula da saƙo.

Haka na yi. Na buɗe ma'ajiyar rajistar rumbun bayanan, na ɗauki fayil ɗin da na ga ana rubutu a cikinsa a lokacin, mai suna postgresql-Mon.log, na kwafe sunan yadda yake na miƙa wa wakilin. Na ce ya nemo mini kalmomi biyu, ERROR da FATAL, waɗanda rumbun ke fara layi da su idan an yi kuskure ko an yi mummunan tuntuɓe. Ban tsaya nan ba, sai da na jarraba shi, na yi ƙoƙarin shiga rumbun da kalmar sirri ta ƙarya. Kafin minti biyu wayata ta yi ƙara. Na rufe ofis ina jin kaina, har na shaida wa shugaban sashe cewa daga yau ko sauro ya gifta ta cikin na'urar nan sai na sani.

Abin da ban tsaya na karanta ba shi ne haruffa ukun nan da ke tsakiyar sunan. A tsarin da PostgreSQL ke zuwa da shi a kan Linux na dangin Red Hat, wanda shi muke amfani da shi, rajista sunan rana take ci, tamkar 'ya'yan Hausawa. Wadda aka buɗe ranar Litinin ita ce Altine, ta Talata Talatu, ta Laraba Balaraba, haka har zuwa Lami da Jummai da Asabe da Ladi. Ƙarfe goma sha biyun dare na cika, rumbun sai ya ajiye ta jiya ya koma ta yau. Idan mako ya zagayo, sai ya share duk abin da ke cikin ta wannan ranar ya fara rubutu daga farko. Ni kuwa Altine kaɗai na nuna wa maigadina.

Da a ce fayil ɗin ɓacewa yake yi ranar Talata, da Zabbix ta yi ƙorafi nan take, domin idan ta nemi fayil ta rasa takan sa alamar cewa abin da aka ba ta ba ya aiki. To, Altine ba ta zuwa ko'ina. Tana nan zaune a mazauninta duk mako, ba a ƙara mata ko harafi ɗaya daga Talata zuwa Lahadi. Wakilin ya leƙa, ya ga babu sabon layi, ya koma ya yi shiru, allon sa ido ya ci gaba da nuna launin kore. Wani abin takaicin ma, lokaci zuwa lokaci ina samun saƙon ƙananan kurakurai, waɗanda suka ƙara tabbatar mini cewa maigadi yana bakin aiki. Ko sau ɗaya ban lura cewa duk ranar Litinin suke zuwa ba.

Gwajin ajinmu mafi girma, mai ɗalibai fiye da ɗari biyu, ranar Laraba ake yin sa. Washegarin na farko ɗalibar nan ta same ni a ofis, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce: "Malam, wallahi na amsa tambaya goma sha bakwai cikin ashirin. Da na danna domin wucewa gaba sai ya rubuto mini cewa ba a sami haɗuwa da rumbun bayanai ba. Na yi ta gwadawa har lokaci ya cika. Yanzu na ga an ba ni maki uku."

Shekara goma sha biyar ina koyarwa, na sha jin uzuri iri-iri, har da kakar da ta rasu sau biyu a zango ɗaya. Na juya mata allon kwamfutata na ce: "Kin ga wannan? Da abin da kika faɗa ya faru, da nan ya yi ja, da kuma wayata ta yi ƙara. Gani ya kori ji. Ki je ki yi karatu." Ta buɗe baki za ta ƙara magana, na ɗaga mata hannu. Ta ce, "Na gode, Malam," ta fita. Wasu ɗaliban sun zo da irin wannan kuka a makon da na bayansa, na sallame su da cewa matsalar intanet ɗin ɗakin jarrabawa ce, ko kuma sun haɗa baki ne. Na ma faɗa wa abokan aiki a ɗakin shan shayi cewa yaran yanzu sun sami sabuwar ƙarya.

Ranar Alhamis ta mako na uku wani matashin ma'aikacin fasaha na sashenmu ya shiga na'urar domin duba yawan wurin ajiyar da ya rage. Ya kira ni cikin ladabi ya ce: "Ranka ya daɗe, fayil bakwai nake gani a nan. Wanne daga ciki muke gadi?" Na matso na duba. Shida ƙanana ne, ta Laraba kuwa ta kumbura ta ninka su nesa ba kusa ba. Da muka buɗe ta, layi ɗaya ne ke ta maimaita kansa tun daga mintunan farko na gwajin jiya har ƙarshensa, kowanne da FATAL a goshinsa, rumbun yana ba da haƙuri cewa masu neman shiga sun yi masa yawa.

Dalilin ba boyayye ba ne ga wanda ya duba. PostgreSQL, idan ba a sauya masa ba, haɗuwa 100 yake karɓa a lokaci guda. Apache kuwa, manhajar da ke tarbar ɗalibai a ƙofar shafin, a irin tsarin da muka girka tana iya ɗaukar buƙatu 256 a lokaci guda. Zaure ya fi ɗaki faɗi ke nan. Duk wanda ya iso bayan ɗaki ya cika sai a mayar da shi, amsarsa ta zube a hanya. Ita kuma Moodle a cikin wannan rumbun take ajiye tata rajistar, saboda haka ɗalibin da aka hana shiga bai bar wata alama a can ba. Rajistar Apache ta nuna buƙatu masu yawa da aka mayar da lambar kuskure, sai dai duk kwamfutocin ɗakin jarrabawa da adireshi ɗaya suke fita, babu yadda za a ce wannan na wance ne. Shaidar Larabar farko da ta biyu kuwa, rumbun ya riga ya share ta da kansa, kamar yadda aka tsara masa.

Gyaran cunkoson bai ɗauki sa'a guda ba: muka daidaita lambobin biyu, muka kuma raba ajin rukuni uku. Gyaran maigadin ne ya fi koya mini karatu. Zabbix tana da umarni biyu na gadin rajista. Na farko, log, suna guda tak yake karɓa, shi na yi amfani da shi. Na biyu, logrt, an yi shi ne musamman domin fayilolin da sunansu ke juyawa, kuma siffar suna ake ba shi. Sai ka ce masa: duk fayil ɗin da ke cikin wannan ma'ajiya wanda sunansa ya fara da postgresql, ya ƙare da log, naka ne. Shi kuma sai ya riƙa bin su gwargwadon lokacin da aka yi wa kowanne rubutun ƙarshe. A nan ma akwai santsi. Siffar tana aiki ne a kan sunan fayil kawai, ban da sunan ma'ajiyar. Idan kuma ka sake ta da yawa, sai ta kwaso har tsofaffin fayilolin da aka matse domin ajiya, wakilin ya yi ta karanta abin da ba ya karantuwa. Sannan PostgreSQL yana ƙirƙirar rajistarsa ne a kulle, shi kaɗai ke da iznin karantawa. Ashe ranar da na yi girkin farko Altine kaɗai na buɗe wa wakilin, don haka ko da na gyara siffar, sai da na bi sauran shidan na ba da izni, na kuma sauya tsarin domin duk wadda za a ƙirƙira nan gaba ta zo a buɗe gare shi.

Da na tsunduma cikin karatun abin, na tarar da cewa sauyin suna iri biyu ne. Namu shi ne inda ake komawa wani fayil mai wani suna. Ɗayan kuma shi ne na manhajar logrotate, wadda ke zuwa ta sauya wa fayil ɗin da ake rubutu a ciki suna, ta liƙa masa lamba ko kwanan wata, sannan ta ƙirƙiri sabo da tsohon sunan. A nan maigadi na iya riƙe fayil ɗin ya bi shi zuwa sabon sunansa alhali rubutu ya koma wani wuri, ko ya riƙe sunan ya rasa layukan ƙarshe na wanda aka ɗauke. Ko ƙaramin umarnin nan na tail da kowane mai Linux ya sani yana da fuska biyu saboda wannan: da ƙaramin f fayil ɗin yake bi, da babban F sunan yake bi. Shi ya sa wakilin Zabbix ba ya dogara da suna kaɗai. Yana duba lambar da Linux ke ba kowane fayil, wadda ake kira inode, da girman fayil ɗin, da wani hatimi da yake lissafawa daga bayit 512 na farkonsa, domin ya gane ko wanda ya sani ne ya sake riga.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba, domin ko an gyara siffar suna, wani abu dabam na iya makantar da wakilin gobe, allo ya ci gaba da zama kore. Sai na tuna maigadin unguwarmu ta ƙuruciya, wanda ke da wani tsohon ƙarfen ƙafar mota a rataye jikin dalbejiya, yana buga shi duk sa'a. Ba ɓarawo yake kora da shi ba, mu yake shaida wa cewa idonsa biyu. Daren da ba a ji ƙarfen ba, mahaifinmu kan ɗauki tocila ya fita. Haka na yi wa na'urar. Na rubuta ɗan umarni da ke sa rumbun ya saka layi guda a rajistarsa duk minti goma, na kuma yi amfani da wani ma'auni na Zabbix mai suna nodata, na ce idan aka yi rabin sa'a wakilin bai kawo wannan layi ba, a tashe ni ko ƙarfe nawa ne. Sabon tsarin kuma ban yarda da shi ba sai da na jarraba shi kwana bakwai a jere, har da tsayawa ido biyu in ga yadda zai tsallake sha biyun dare.

Saura abin da umarni ba ya gyarawa. Na je wurin shugaban sashe na faɗi abin da ya faru ba tare da rufa-rufa ba, aka soke gwaje-gwajen uku aka sake su. Waɗanda suka ci da kyau tun farko ba su ji daɗi ba, kuma suna da gaskiya, domin wasunsu makinsu ya ragu a karo na biyu. Na tsaya gaban ajin na ba su haƙuri, na ce laifin nawa ne, na kuma janye maganar haɗa baki da na yi.

Ita kuwa ɗalibar, aikawa na yi aka kira ta ofis. Na nuna mata fayil ɗin Larabar ƙarshe, na ce na Larabarta ya riga ya goge, ba ni da abin da zan tabbatar da maganarta da shi, amma na yarda da ita. Ta daɗe tana kallon layukan, sannan ta ce: "Ba komai, Malam, Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Dama na kwafe saƙon da ya fito mini a bayan katin jarrabawata, da lokacin da ya fito. Shi na so in nuna maka ranar nan."