Jinin da muke aunawa da ido

Jama'a, duk lokacin da na ga sunan Farfesa Hadiza Shehu Galadanci a labarai, matar yayana ce ke faɗo min a rai, Allah Ya jiƙanta.

A wani ƙauye ta haihu, tsakanin Rogo da Ƙaraye, cikin damina. Ta sauka lafiya, har an fara yi mana barka. Sai jini ya ƙi tsayawa. Tsofaffi suka ce jinin biƙi ne, zai ɗauke. Zani ya jiƙe a canza, wani ya jiƙe a canza. Kafin mu yarda abin ya fi ƙarfin gida, mu samo mota, mu fita daga taɓo, ta cika a hanya. Yarinyar da ta bari yanzu tana firamare.

Wannan matsalar ce Farfesa Hadiza ta sa a gaba. Likitar mata ce a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, malama a Jami'ar Bayero. Ita ta jagoranci ɓangaren Nijeriya na binciken E-MOTIVE, wanda aka yi a asibitoci 80 na Nijeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kan mata sama da 200,000. Sakamakon ya fito a 2023.

Dabarar ba wata mai tsada ba ce. Leda ce mai ma'auni da ake shimfiɗa wa mace da zarar ta haihu, jinin ya taru a ciki. In ya kai rabin lita, ba sauran jira: a murza mahaifa, a yi allurar da ke sa ta tsuke, a ba da maganin tsayar da jini, a ƙara ruwa, a duba ko akwai yagewa, duk a lokaci guda. Da haka mummunar zubar jini ta ragu da kusan kashi 60 cikin 100. A 2024 mujallar TIME ta Amurka ta sa ta cikin mutum 100 masu tasiri a harkar lafiya.

Abin da ya tsaya min shi ne, ashe ko ma'aikacin asibiti ido na yaudararsa wajen ƙiyasta jini, balle mu da muke ƙirga zannuwa da tocila.

Amma fa ledar nan ba za ta bi mace har ɗaki ba. Don haka maza, aikin namu ne. Ka bar iyalinka ta je awo. Ka tanadi kuɗin mota da lambar direba tun cikin na wata bakwai. Ka san wanda zai ba da jini in an nema. Shugabannin ƙananan hukumominmu kuma, mu tambaye su: akwai wannan leda da alluran a asibitocinmu?

Sannan mu bar 'ya'ya mata su yi karatu. Muna son mace ta duba matanmu, to wa zai haifo mana ita?

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a kan gwiwa.