Hanyar Arewa: wa ya san inda ka kwana?

Wanda ya bar Dogondutsi ya nufi kudu, ta Kore Mairuwa zuwa Tibiri, kwarin Dallol Mawri yake bi: giginya da gawo, gonakin hatsi, rijiyoyi marasa zurfi, ga iyakar Najeriya nan kusa ta gabas. Tun zamanin fatake, matafiyin ƙasar nan yana da doka guda: ba ya faɗin ranar tashinsa, ba ya faɗin inda zai yada zango. Baƙo kuwa, ko da bindiga ya zo, kamar rundunar Voulet da ta auka wa Lugu a 1899, sai da ɗan jagora.

Yau ɗan jagoran yana cikin aljihu. Tauraron ɗan Adam ba ya ganin kowa, sigina kawai yake aikowa. Salula ce ke lissafa inda take, manhajar taswira kuma ta rubuta: kasuwar da ka ci, gidan da ka sauka, lokacin da ka kama hanya. A 2018 taswirar Strava ta tona wuraren sansanonin soja, har da na Sahel, ta sawun sojojin da ke gudun motsa jiki. A 2022 kamfanin Google ya amince ya biya jihohi 40 na Amurka dala miliyan 391 da rabi, bisa zargin bin sawun mutanen da suka ɗauka sun rufe wannan ƙofa.

To, ina ruwan Ba'are? Da ruwansa. A bakin iyakar da ƴan fashi da masu satar mutane suka addaba, dillalin shanu mai komowa da kuɗi da ma'aikacin gwamnati mai rangadi ba su da kayan da ya fi sirrin hanyarsu tsada. Ba sai wani gwani ya kutsa daga nesa ba: salular da aka sace, ko aka ba mai caji a buɗe, ko wurin da aka aika wa taron WhatsApp, ya isa.

Nijar ta yi dokar kare bayanan mutum tun 2017, ta kuma kafa hukumar HAPDP a Yamai. Amma doka ba ta rakiya cikin daji. A kulle salula da lambar sirri, a goge tarihin tafiya, a kashe alamar wuri in an isa. Magabata sun ce baki shi ke yanka wuya. Yanzu bakin ya zama biyu. Allah ya kai mu lafiya.