Amanar da ke Bayan Shamaki

A shekarar 1974 ne Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan Dungeons & Dragons a Amurka, irin wanda Faransawa ke kira jeu de rôle. Ƴan wasa kan kewaye tebur, kowa ya ɗauki matsayin wani jarumi, mutum guda kuma ya zama jagora: shi ne mai ba da labari, shi ne alƙali. Idan jarumi ya tunkari haɗari, sai a jefa ƙwaya mai fuska 20, ƴar'uwar ta lido, lambar da ta fito ta yanke hukunci.

Jagora yakan jefa tasa ƙwayar a bayan shamakin kwali, inda ba mai gani. Daga nan gardama ta taso. In ƙwaya ta hukunta mutuwar jarumin da yaro ya yi watanni yana reno, ya halatta jagora ya faɗi wata lamba dabam? Masu cewa i suna kafa hujja da tausayi, kuma littafin jagora da Gygax ya wallafa a 1979 ya bai wa jagora ikon ƙetare hukuncin ƙwaya.

Ba mu raina wannan tausayi ba, amma muna ganin tsadarsa ta yi yawa. Yaron da ya tsira daga dodo yana murna ne domin ya san da ana iya cinye shi. Ranar da ya gane cewa hannu ne ke juya lambobin, duk nasarorinsa na baya sun zama abin shakka. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Mu da muka tashi da tatsuniya mun san mai ba da ita ba ya zambatar kowa, domin tun daga buɗewa an san Gizo da Ƙoƙi ƙage ne. Jagora ma sai ya bi wannan hanya. Ko dai ya shaida wa ƴan wasa tun farko cewa wani lokaci zai sassauta, ko ya jefa ƙwaya a fili sannan ya tausasa sakamakon: a raunata jarumi ko a kama shi, maimakon a kashe shi.

Yaro yana lura da yadda babba ke riƙe abin da ba mai gani, ko a wasa ne, kuma da shi zai auna maganarmu gobe. Allah ya sa mu dace.