Kwana huɗu muna neman Duna a daji

1/ Bara war haka, tsakiyar hunturu, na ɓatar da karen Kawuna a daji. Kwana huɗu muna nema. Na daɗe ina son in rubuta labarin, kunya ke hana ni, don laifin nawa ne. Zaren da ɗan tsawo, ku yi haƙuri. Masu kiwon kare, musamman ƙanana, ku tsaya har ƙarshe.

2/ Na san akwai masu cewa "kare ne fa, sai ka ce yaro ya ɓata." Na ji. Amma duk wanda ya tashi gidan mafarauta ya san karen farauta ba na shara ba ne. Shekara guda ake yi ana wahala a kansa kafin ya kama ko zomo ɗaya. Ko a addini an yi masa matsayi daban, maganar dabbar farauta da aka horar tana cikin Suratul Ma'ida.

3/ Ƙauyenmu a ƙasar Ningi yake, wajen duwatsu. Kawu ya fi shekara 30 yana farauta, sai gwiwa ta zaunar da shi. Yana da tsohuwar karya, ga kuma ɗanta Duna, baƙi wuluk, dogon ƙafa, wata 11 a lokacin. Da na zo hutu daga Kano, Kawu ya ce in riƙa fita da shi bayan gari yana motsa jini. Bayan gari ya ce. Bai ce daji ba.

4/ Ranar wata Asabar aka shirya babbar fita. Mota a-kori-kura biyu, mutum ya fi 40, karnuka kuwa ban ƙirga ba. Ganga, ƙaho, kirari, masu bindigar toka. Abokaina kowa da karensa. Na kalli Duna na ce wallahi yau sai an san da mu. Kawu yana masallaci na kwance shi muka hau mota.

5/ Da safe komai lafiya. Wajen la'asar aka tayar da gada a wani kwari, karnuka suka ɗunguma. Wani ya saki bindiga kusa da mu, ƙarar da Duna bai taɓa ji ba a rayuwarsa. Na ga baƙin abu ya wuce ta cikin sabara kamar kibiya. Har yau ban san gadar ya bi ba ko tsoro ne ya kwashe shi. Manyan karnuka suka dawo ɗaya bayan ɗaya, harshe a waje. Shi shiru.

6/ Na yi kira har muryata ta dushe. Na hau dutse na yi fito. Magariba ta kawo kai, direba ya ce shi fa ba zai kwana a daji saboda kare ba, kuma gaskiyarsa, a wannan zamanin wa zai yarda dare ya same shi can? Wani babba a cikinmu ya ce "zai biyo sawu, kare ba ya ɓata." Na hau mota. Tazarar wurin da gida ta fi kilomita 20.

7/ Na shiga gida ina jiran faɗa. Kawu yana kan buzu da carbi. Bai ɗaga murya ba. Tambaya ɗaya ya yi min:
"Me ka bar masa a wurin?"
Na ce "Kamar me, Kawu?"
"Riga. Hula. Ko takalmi."
Na ce ban bar komai ba.
Ya daɗe bai ce uffan ba, sannan ya ce in je in kwanta, da asuba za mu fita. Da ya zage ni da na fi samun barci.

8/ Da asuba na goya shi a babur, da gwiwar nan tasa, cikin sanyin da ke tsaga leɓe. Muka isa gindin tsamiyar da aka ajiye motoci jiya. Kawu ya hana ni taka wurin. Ya karɓi cocila ya duƙa. Ga sawun taya, ga sawun kare a KAN sawun tayar. Ga kuma wani ɗan gurbi da aka tona a ƙasa aka kwanta.

9/ Kun gane? Duna ya dawo. Cikin dare ya bi sawunsa har inda aka sauke shi, ya tarar babu kowa, ya kwanta ya jira, ya gaji ya tashi. Ni ina can ina ba mutane labari wai kare ya gudu ya bar ni. Kawu ya nuna gurbin da sandarsa ya ce "ga inda ya jira ka nan."

10/ Abin da na koya a wurin ke nan. Kare da hanci yake gane duniya. Idan ya rabu da mai shi a wurin da bai sani ba, sau da yawa inda ya san warinka na ƙarshe yake komawa, watau inda aka sake shi. In ya tarar da abin da ke ɗauke da warinka sai ya zauna. In bai tarar ba ya shiga yawo, kuma kowane yawo nisa yake ƙara masa.

11/ Kawu ya sa na tuɓe rigar da na yi farauta da ita jiya, da guminta da komai. Shi ma ya fito da tsohuwar rigarsa ta gona daga jaka. Muka shimfiɗa su gindin tsamiyar, muka danne gefe da duwatsu saboda iska. Muka yanka jarka muka cika da ruwa. Na fito da ƙanzon da na zo da shi, ya ce in mayar. Abinci dila zai kira da karnukan ruga, su zo su kore shi daga wurin. Ruwa kawai.

12/ Daga nan sai cigiya. Kawu ya ce ko wuƙa kada in ɗauka, gora da adda duk a gida muka baro. Baƙo da makami yana leƙe-leƙe a bayan garin mutane, kowa ya san yadda hakan ke ƙarewa yanzu. Duk ƙauyen da muka shiga, gidan mai unguwa muke fara sallama. "Ranka ya daɗe, karenmu ne ya ɓata, baƙi, yana da fari kaɗan a ƙirji, ba ya cizo."

13/ Waccan kalmar ta ƙarshe ita ce mai muhimmanci. Baƙon kare ramamme yana yawo a gefen gari, abin da zai fara zuwa ran mutane shi ne mahaukacin kare ne, kuma ba za ka ga laifinsu ba, ciwon nan in alamunsa suka bayyana a jikin mutum sai dai a yi haƙuri. Yara su bi shi da jifa, manya da sanda. Amma in an san akwai mai nemansa, sai a ɗaga masa ƙafa.

14/ Tsoro na biyu, masu sayen karnuka da ke zagaya ƙauyuka suna lodi zuwa kudu, ko kasuwar Dawaki ta ƙasar Kanke a Filato. Karen da ba a san mai shi ba, duk wanda ya riga kama shi zai iya karɓar kuɗinsa. In ya hau waccan motar kuwa magana ta ƙare.

15/ Na saka hotonsa a WhatsApp da Facebook. Gaskiya abin da na samu addu'a ce da barkwanci. Mutum ɗaya ya kira wai ya gan shi, in tura masa kuɗin kati ya kwatanta min. Na tura. Har yau yana kwatantawa. Dajin da ko sabis babu, waɗanda za su ga karenka ba su kan intanet: makiyaya ne, da masu itace, da mata masu zuwa rafi.

16/ Rana ta biyu babu labari. Da yamma muka koma tsamiya, ruwa ya ragu, amma Kawu ya ce sawun tsuntsaye ne da na akuya. Na sake cika jarkar. A hanyar dawowa ban yi magana ba, shi ma haka.

17/ Rana ta uku muka shiga wata ruga. Dattijon ya ba mu nono, ya saurare mu tsaf, ya kira wani yaro da bai fi shekara 10 ba. Yaron ya ce jiya da hantsi ya ga baƙin kare a bakin rafi yana ɗingishi, ya jefe shi don kada ya kusanci maruƙa. Dattijon ya ce "samari, in dai yana ƙasar nan ba mai taɓa shi, zan gaya wa yara." Rafin bai fi tafiyar rabin awa daga tsamiyar ba.

18/ Ni na so mu bazama rafin nan take, mu tara abokai mu kewaye wurin. Kawu ya ce a'a. Karen da ya kwana uku a daji a tsorace yake, in ya ji hayaniya da gudu ƙara nutsawa zai yi, ko da muryar mai shi ce a ciki. Ya ce yana kusa, yana da ruwa, iska na kai masa warin riga. Mu bar shi ya zo da ƙafarsa.

19/ Asubar rana ta huɗu muka kashe babur tun daga nesa muka ƙarasa a ƙafa. Gari ya fara fari. Ga shi nan a dunƙule gindin tsamiya. A kan rigar Kawu. Tawa tana gefe, taku ɗaya tsakani, ko gashi ɗaya babu a kanta.

20/ Na zabura zan ruga, Kawu ya damƙe min hannu. Duna ya miƙe, ya kalle ni, ya cusa bindi tsakanin ƙafafu ya fara ja da baya. Kawu ya ce "zauna ƙasa. Ba shi gefenka. Kar ka kalli idonsa." Shi ma ya zauna da ƙyar, ya yi wani ɗan fito a hankali, irin wanda yake yi in zai zuba musu abinci. Mun kai minti goma a haka. Sannan ya taho yana jan ƙafa, ya kewaye ni, ya sa kai a cinyar Kawu.

21/ Kawu yana shafa shi bai kalle ni ba ya ce: "Ka taɓa dukansa bayan ya dawo?"
Na yi shiru. Sati biyu kafin nan, a bayan gari, ya bi kurege ya ƙi jin kira, ya ɓata min kusan awa. Da ya dawo yana kaɗa bindi na zabga masa tsumagiya, wai ina koya masa hankali. Sau biyu na yi haka.

22/ A tunanina na hukunta shi ne kan tafiyar da ya yi. Shi kuwa abin da ya haɗa a kansa: na zo wurin mutumin nan, na sha duka. Kare ba ya lissafin abin da ya wuce da awa ɗaya, abin da ya yi yanzu-yanzu yake dangantawa da abin da ya same shi. Ashe da hannuna na koya masa cewa kirana abin gudu ne, sannan na ɗauke shi na kai shi cikin ganga da bindiga.

23/ Ƙafar gaba ta dama waya ce ta yanke shi, irin tarkon da ake ɗana wa zomo da gada. Ya fizge da kansa. Muka wanke da sabulu da ruwan gishiri, muka kai shi wurin malamin dabbobi ya duba ya yi masa allura. Abinci kaɗan-kaɗan aka riƙa ba shi, kar cikin da ya kwana huɗu wayam ya rikice. Aka kuma ware shi ana lura da shi, tunda ba mu san da me ya gamu a daji ba.

24/ Bana tsohuwar karyar ta sake haihuwa, Kawu ya ba ni kwikwiyo biyu ya ce in gyara abin da na ɓata. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun suna wata biyu, ba sa ganin kwano sai sun ji fito. Fito ɗaya, kullum iri ɗaya, kuma ba na yin sa don wanka ko ɗauri ko wani abin da suka tsana. Duk wanda ya zo, ko ya yi latti, ko ina tafasa a ciki, yabo zai samu da ɗan ƙashi ko ƙanzo.

25/ Bayan gari da doguwar igiya muke fita, wajen taku 20. In kira, in bai zo ba in jawo a hankali, in ya iso in yaba. Wasan da na fi so shi ne ɓuya. Da na ga hankalinsu ya tafi kan wani wari sai in laɓe bayan kuka in yi tsit. Ku ga yadda suke rikicewa suna nema. Bayan sau biyar ko shida, kwikwiyon da kansa yake waiwayowa kowane ɗan lokaci ya ga ina nan. Mutanen gari sun ɗauka na samu taɓin hankali, ƙato yana ɓuya da 'yan kwikwiyo.

26/ In za a saki igiya, tare da uwarsu ake saki, ita ba ta nisa kuma tana jin kira, su kuma bin ta suke. Ƙarar bindiga daga nesa za su fara ji, suna cin abinci. Da dare a killace suke, don yawon dare da bin bola shi ke koya wa kare cewa akwai rayuwa ba tare da kai ba. Lokacin barbara kuwa namiji ko katanga zai haura, sai an ƙara sa ido.

27/ Baduku ya ɗinka musu abin wuya na fata, da lambar wayata a jiki, sakwa-sakwa yadda yatsu biyu za su shiga. Allurar haukan kare tun suna wata uku, sannan duk shekara. Akwai abin wuya mai nuna inda kare yake ta waya, na gani a intanet, na ga kuɗinsa, na rufe shafin. Babbar farauta kuwa ba za su gan ta ba sai sun haura shekara, kuma Kawu ne zai ce sun isa, ba ni ba.

28/ Duna ya warke, ɗan tabo ne kawai ya rage, gashi bai sake fitowa a wurin ba. Bana ya kama zomo uku. Wata shida na yi ina kai masa abinci da hannuna kafin ya daina sunkuyar da kai in na ɗaga hannu. Yanzu in na yi fito yana zuwa. Amma in ni da Kawu muka kira a tare, ko kallona ba ya yi.

29/ Rigar nan tawa tana cikin jakar farauta har yanzu, a ƙulle cikin leda. Inna ta nemi ta wanke ta sau biyu na hana.